Guba a Kasuwa, Doka a Takarda

Ɗan uwa manomi, ɗan uwa makiyayi, da ke uwar gida mai kiwon awaki a bayan ɗaki, wannan takarda taku ce. Idan ba ka yi karatun boko ba, ka ba ɗanka ko maƙwabcinka ya karanta maka ita da ƙarfi, a dandali ko a bakin rijiya, domin maganar da ke ciki ta shafi ranka, da ran ƴaƴanka, da na bisashenka.

Ranar kasuwa mai zuwa ka ɗan tsaya gaban mai teburin da ke sayar da maganin ƙwari. Ko a Maraɗi kake, ko Ƙonni, ko Magarya, ko Gaya, ko Difa, abin da za ka gani ɗaya ne. Kwalabe a jere cikin rana tsaka, kusa da mai sayar da ƙuli-ƙuli da mai awon gari. Wasu rubutun jikinsu da Ingilishi yake, wasu rubutun ya goge, wasu kuma an ɗura su cikin kwalbar lemo babu rubutu ko ɗaya. Ka tambayi mai teburin murfi nawa za ka zuba a famfon feshi, zai gaya maka abin da ya ji a bakin wani. Ka tambaye shi kwana nawa za ka jira kafin ka tsinki tumatir ko ka saki awaki cikin gonar, sai ya ce maka babu komai. Ba mugu ba ne, abinci yake nema kamar kai. Shi ma babu wanda ya koya masa, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya dubi abin da ke kan teburinsa.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar da noma da kiwo suke rayuwa. Ke nan abin da ke kan wannan tebur yana shiga kusan kowane gida a ƙasar nan. Maganarmu a taƙaice ita ce: akwai dokar da ta hana sayar da mafi munin waɗannan magunguna, an sa mata hannu, amma masu mulki sun bar ta kwance a takarda.

Ta ina gubar ke shiga jiki?

Mutane da yawa suna zaton sai wanda ya sha maganin ne yake cikin haɗari. A wurin mai feshi, babbar ƙofar ita ce fata. Saurayi ya goya famfo mai yoyo, maganin yana tsiyaya a gadon bayansa tun safe har azahar. Ya dama shi da hannu, ƙafarsa babu takalmi, yana tafiya iska tana maido masa da feshin a fuska. Idan bakin famfo ya toshe sai ya sa baki ya hura. Ya zauna ya ci goro ko ya sha fura bai wanke hannu ba. Da zafin rana, jiki yana gumi, fata ta fi saurin shanye maganin.

Da yawa daga cikin magungunan ƙwarin da muke saye, irin su piya-piya, jijiyoyi suke kamawa. A jikin mutum da na dabba akwai wani sinadari da aikinsa shi ne ya tsayar da saƙon jijiya bayan ya isar. Gubar tana hana wannan sinadari aiki, sai jijiyoyi su yi ta aika saƙo babu tsayawa. Shi ya sa za ka ga miyau yana dalala, hawaye da gumi suna zuba, baƙin ido ya tsuke ya zama kamar kan allura, ga ciwon kai da jiri, ga amai da gudawa, nama yana rawa. Idan abin ya yi ƙarfi, ƙirji ya cika da majina, numfashi ya gagara. Yadda ta kashe tsutsa, haka take kashe mutum, bambancin yawan da ya shiga ne kawai.

Akwai allurar da ke karya wannan irin guba, sunanta atropine, kuma ba ta da tsada. Ka tambayi kanka ko ɗakin shan magani na garinku yana da ita, kuma ko ma'aikacin da ke wurin an koya masa ya bambanta wannan da zazzaɓin cizon sauro.

Maganin haki mai suna paraquat ya fi wannan muni. Kurɓa guda tana iya kashe babban mutum, kuma har yau duniya ba ta da makarinsa. Yana ƙona baki da maƙogwaro, ya lalata ƙoda, sannan ya bi huhu a hankali, mutum ya yi kwanaki yana neman iska kafin ya cika. Irin wannan ne ake ɗurawa a kwalbar lemo a ajiye a ƙarƙashin gado, inda hannun yaro yake kaiwa.

Sai kuma ƙwayar nan da ake kira bom, wadda ake jefawa cikin buhun wake ko hatsi. Da ta ji danshin iska sai ta fara fitar da iska mai kisa. An yi ta ne don sito mai rufi wanda ba a kwana kusa da shi. Idan aka ajiye buhunan a ɗakin kwana, ko a ɗakin da bango ɗaya ya raba shi da na yara, iskar ba ta san bango ba.

Wahalar da ba ta kisa nan take ita ma wahala ce: ƙaiƙayin fata da ba ya jin magani, ido mai ja, tari, hannu mai karkarwa, mantuwa. Mace mai ciki da ke tsinkar tattasai ko zogale washegarin feshi, da yaron da aka goya a baya cikin garka, su ne suka fi rauni. Matar da ke wanke rigar mai feshi tare da kayan yara ita ma ta shiga ciki ba ta sani ba.

Bisashe ba su iya karatu ba

Dabba ba ta san an yi feshi ba. Ta hanya huɗu gubar ta fi riskarta.

Ta farko, kiwo. Manomi ya fesa maganin haki a gefen gona ko kusa da burtali, bai sa alama ba. Garke ya biyo, ya ci ɗanyen haki mai ɗauke da guba. Haka nan harawar wake da aka yi wa feshi gab da girbi, aka ɗaure aka ɗora a kan rumfa domin ragon layya.

Ta biyu, ruwa. An wanke famfo a bakin tabki, ko an jefar da kwalba a magudanar ruwan garka. Tabkin nan shi ne mashayar shanu, wani wurin ma har da mutane. Kifi ya mutu ya taso, wani ya kwashe ya kai kasuwa.

Ta uku, hannunmu. Kaska ko ƙwarƙwata ta dami dabba, maganin likitan bisashe ya yi nisa ko ya yi tsada, sai a ɗauko maganin gona a dama a wanke ta da shi. Maganin gona ba a auna shi da jikin tunkiya ba. Tana shanye shi ta fata, tana lasar jikinta, ɗanta yana shan nono a hantsar da aka shafa wa guba.

Ta huɗu, hatsin iri da aka cuɗa da hoda, wanda ya rage bayan shuka aka watsa wa kaji da zabi, ko aka haɗa da dussa.

Alamun a jikin dabba kusan irin na mutum ne: kumfa a baki, gudawa, kumburin ciki, tangaɗi, jijjiga, numfashi sama-sama. A nan ne babban haɗari yake ɓoye. Idan muka ga dabba za ta mutu, mukan yi hanzarin sa mata wuƙa don kada a yi hasara biyu, a raba naman ko a sayar da araha. Wuƙa ba ta fitar da guba, wuta ma ba a dogara da ita ta kashe ta. Hanta da ƙoda da kayan ciki da kitse su ne suka fi riƙe ta. Wasu tsofaffin magunguna kuwa a kitse suke taruwa, su fito cikin nono da man shanu, su shiga furar yaran da ba su taɓa ganin gonar ba. Gawar da aka yar a daji kuma ta kashe karnuka da angulaye. Ƙudan zuma, da suke taimaka wa furen garka ya yi ƴaƴa, su ma feshin safiya yana ƙarar da su.

Ka dubi abin da wannan ke jawowa tsakanin manomi da makiyayi. Shanu biyar sun faɗi bayan sun ratsa gefen gona. Makiyayi ya ce da gangan aka sa musu guba, manomi ya ce gonarsa ya gyara. Babu likitan da zai zo ya buɗe gawar ya faɗi gaskiya, sai magana ta koma hannun sanda da takobi. Ƙasar da ta san zafin rikicin gona da kiwo bai kamata ta yi wasa da wannan ba.

Doka tana nan

Nijar tana cikin ƙungiyar ƙasashen Sahel ta CILSS tun kafa ta a 1973. Ƙasashen sun yarda cewa babu maganin ƙwarin da za a sayar a cikinsu sai kwamitin masana na haɗin gwiwa, mai zama a Bamako, ya bincika ya ba shi lamba. Kwamitin yana aiki tun 1994, yana fitar da jerin magungunan da aka yarda da su. Maganin da ya bi wannan hanya za ka ga lambarsa a jikin kwalba, tana ƙarewa da kalmar SAHEL.

Kuma an hana wasu da sunansu. An hana endosulfan a 2007, bayan abin da ya yi a gonakin auduga: a jahar Borgu ta ƙasar Benin, a daminar 1999 zuwa 2000 kaɗai, hukumomi sun ƙidaya mutum 37 da suka mutu ta dalilinsa. An hana paraquat a 2011. A 2015 aka ƙara da atrazine, da carbofuran, da fipronil, da wasu. A cikin wannan shekara ta 2015 ne kuma Nijar ta yi sabuwar dokarta ta kare tsirrai, wadda ta tsara wa ke da izinin shigo da magani da sayar da shi.

Ka lura da shekarun. Shekarar da aka hana paraquat ita ce shekarar da masu mulkin wancan lokaci suka hau. Dokar 2015 su suka kai ta majalisa. Fiye da shekara goma ke nan, kuma paraquat da atrazine suna nan a kasuwanninmu. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta sha zagaya kasuwanni tana rubuta abin da ta gani, kuma abin da ta tarar shi ne mafi yawan magungunan da ake sayarwa ba su da lambar Sahel. Rahotannin ba a ɓoye suke ba. An yi mana shekaru ana maganar shirin 3N, cewa ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. An ce a yi noman rani, jama'a suka amsa, garake suka yawaita. Garka kuwa tana kiran ƙwari, ƙwari suna kiran magani. Wanda ya tura ka noman rani, shi ya kamata ya tsaya a kan abin da za ka fesa.

Maƙwabta sun fara ɗanɗana kuɗarsu. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a ciki, wato sinadarin piya-piya. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman wake. Albasar Galmi, da tattasan Difa, da ragunanmu, duk sunan kirki ne yake sayar da su a ƙetare. Ranar da aka ce kayan Nijar akwai guba, hasarar a kan talaka za ta sauka.

Abin da za su gaya maka

Za su ce idan babu magani babu amfanin gona. Mun yarda ƙwari gaskiya ne. Ba mu manta da farin 2004 da yunwar da ta biyo baya ba. Mun ga abin da tsutsar tumatir ta yi wa garake, mun ga tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016. Babu wanda ya ce manomi ya naɗe hannu yana kallo. Maganarmu ita ce a ba shi magani mai lamba, da farashin da zai iya, da wanda zai nuna masa awo.

Za su ce iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, ba ta tsaruwa. Amma maganin ba a daji ake sayar da shi ba. A tsakiyar kasuwa yake, a kan tebur, kuma kowane mako mai karɓar kuɗin kasuwa yana tsayawa gaban teburin ya yanka tikiti. Hukumar da ta iya gano tebur ranar haraji ta iya gano shi ranar bincike.

Za su ce laifin manoma ne, ba su bin ƙa'ida. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wace ƙa'ida mutum zai bi, an rubuta ta da harshen da ko ɗan lakkwal na nan bai iya ba? Sau nawa malamin gona ya zo garinku a daminar bana? Ƴan birgad ɗin da aka horar a ƙauyuka don feshi, wa ya sabunta musu kayan kariya?

Kuma akwai hanyoyin da ba su buƙatar guba, waɗanda ƴaƴan ƙasar nan suka yi aiki a kansu. Buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba tare da hoda ko bom ba. Masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Su ne kuma suke kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ake saki a gonakin hatsi yana kashe murzuna. Ruwan ƴaƴan dogon yaro da aka daka aka jiƙa yana korar ƙwari da dama a garka. Ilimin yana nan, isar da shi ƙauye ne ya gagara.

Abin da ke hannunka tun yau

Kada ka jira zaɓe kafin ka tsare gidanka.

Kada ka sayi maganin da ba ya cikin kwalbarsa ta asali. Ka nemi lambar Sahel. Ka dubi launin da ke ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Araha ba ta ado.

In za ka yi feshi, ka sa riga mai dogon hannu da wando da takalmin roba, ka rufe hannu da hanci da baki. Ka yi da sanyin safiya ko yamma, iska tana bayanka. Kada ka ci, kada ka sha, kada ka busa taba har sai ka yi wanka da sabulu. Yaro da mace mai ciki ko mai shayarwa ba su feshi. Kayan feshi a wanke su dabam.

Ka kafa tsumma ja a gonar da ka fesa, ka gaya wa mai gari da makiyayan da ke kusa. Ka cika kwanakin jira da aka rubuta kafin tsinka ko sakin dabbobi.

Kwalbar da ta ƙare ka ɗauraye ta sau uku, ka juye ruwan cikin famfo, ka huda ta. Ba ta zama ta ruwan sha, ko ta nono, ko ta mai, ko ta sayar da fura. Kada ka wanke famfo a tabki ko bakin rijiya.

Magani da buhun da aka sa wa bom ba su kwana ɗaki ɗaya da mutane. Maganin gona ba ya hawa jikin dabba, ba ya hawa kan yaro don ƙwarƙwata, ba ya hawa katifa don kuɗin cizo.

In wani ya kamu, a fitar da shi iska, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu. Kada a tilasta masa amai. Nono da mai ba makari ba ne, suna ɓata lokaci ne kawai. A garzaya da shi likita tare da kwalbar, domin sunan da ke jikinta shi zai nuna abin da za a yi masa. In dabba ce, a raba garken da wurin, a kira likitan bisashe, kada a ci naman, kada a sha nonon. Gawar a binne ta da zurfi, nesa da ruwa.

Abin da muke nema, kuma muka ɗauki alkawarinsa

Na ɗaya, a kwashe magungunan da aka hana daga kasuwa, a fara da manyan masu shigo da su mota-mota, ba da ɗan mai tebur ba. Shi a horar da shi, a ba shi takardar izini.

Na biyu, kowace kwalba ta zo da bayani da hotuna cikin harsunanmu, Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak, kuma gidajen rediyon karkara su riƙa karanta sunayen waɗanda aka hana kafin kowace damina.

Na uku, kowace komin ta samu malamin gona da likitan bisashe masu abin hawa, da rumbun sayar da magani mai lamba, da kayan kariya, da buhun PICS a farashi mai sauƙi.

Na huɗu, kowane ɗakin shan magani ya ajiye atropine, a riƙa rubuta duk wanda guba ta kama, mutum ko dabba, a bayyana adadin ga jama'a kowace shekara.

Na biyar, ɗakunan bincike na ƙasa da ke Yamai su riƙa auna kayan miya da wake da nono na kasuwa, su faɗi sakamakon a fili.

Duk ɗan takarar da ya zo garinku da kiɗa da atamfa, namu ne ko nasu, ku tsayar da shi ku tambaye shi abu uku. Me ya sa ake sayar da paraquat a kasuwarmu bayan an hana shi tun 2011? Ina likitan bisashen komin ɗinmu? In ɗana ya sha guba da dare, ina zan kai shi? Wanda ya riƙe mulki a hannu bai da amsa, ya riga ya ba ku amsa. Ranar zaɓe ka ɗauki katinka ka fita da wuri, ka ɗauki iyalinka, ka jefa ƙuri'arka ga canji. Wannan takarda kuma kada ka yar da ita, ka miƙa wa na kusa da kai.